Kada ki sayi modafinil a kemis kafin a gama gwajin

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba mu lafiya. Kin ce likita ya rubuta miki modafinil saboda barcin da ke sace ki da rana tsaka, nas kuma ta ce sai an duba zuciya tukuna, kina tunanin saya a kemis. Don Allah ki haƙura. Mun san zafin jiran nan, amma gata ta yi miki.

Maganin yana iya ɗaga jini da bugun zuciya. Ki zauna minti 5 kafin a auna, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan. In jinin ya kai 140/90 ko bugu ya wuce 100 a minti ɗaya, likita zai sake dubawa. ECG kuwa, wato gwajin zuciya da na'ura, don a gano kaurin bangon zuciya ne ko bugu marar tsari, ana yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH) da ke Gombe. In akwai wanda ya yanke jiki ya rasu da ƙuruciya a danginku, ki faɗa.

Masu miƙa magani ba tambaya su ke ƙona min rai. Ba ruwansu ko kina da ciki, alhali maganin na iya nakasa jariri. Ba za su gaya miki yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu ba, har wata biyu bayan dainawa. Kuɗi kawai. A gida an gama kiran mutum malalaci, wasu su ce aljanu ne, ya fito neman sauƙi kuma a jefa shi wani ramin. Ki tambayi nas batun allurar tazarar haihuwa ko robar mahaifa.

Kada kunya ta sa ki ɓoye mata matsananciyar damuwa, jin muryoyi, ciwon hanta, ko shan tramadol da kodin a baya. Minshari mai sarƙe numfashi ma ki ambata, shi kaɗai yana kawo barcin rana. Kafin ki fara maganin, kada ki zauna gaban murhu ke kaɗai.

Yawanci miligiram 200 ne da safe, ko 100 da safe 100 da azahar. Da yamma zai hana ki barcin dare. In ƙuraje suka feso, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki a makonnin farko, ki daina sha, ki tafi asibiti a ranar.