Amsa ga mai tambaya kan kalmomin cinikin fili da gida

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka tara ɗan abin da ka tara, kana son sayen fuloti wajen Arkilla ko Kalambaina, amma kalmomin dillalai suna rikita ka. Na daɗe a harkar nan cikin garin Sakkwato, bari in faɗa maka abin da na sani.

Fara riƙe wannan: tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha duka amana ce a hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama da amfani ne. Shi ya sa takarda ta fi ƙurar filin muhimmanci.

Takardun kuma hawa-hawa ne. Ta ƙasa ita ce takardar ciniki, wadda ake rubutawa gaban shaidu, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu. Tana nuna an yi ciniki, ba ta nuna gwamnati ta san da kai ba. Sai takardar rabon fili da ma'aikatar filaye ke bayarwa idan gwamnati ce ta yanka unguwar. Ta sama ita ce shaidar mallaka, C of O, wadda galibi shekara 99 ce ga gidan zama, kuma ita banki ke karɓa a jingina. Mai ita yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Idan ka sayi gida mai wannan takarda, sai an nemi amincewar gwamna kafin ta koma sunanka. Mutane da yawa suna ajiye ta da sunan tsohon mai gida shekara da shekaru, sai ranar da ya rasu magada su taso.

Maganar magada kuwa, filin gado shi ya fi kai mutane kotu. Babban wa zai zo da takarda ya ce shi ne wakili. Kada ka biya sai ka ga an raba gadon, ko kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure a Gwadabawa ko Tambuwal. Akwai kuma shufu'a a fiƙihun Malikiyya: wanda ke tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da ikon karɓe kason da aka sayar, ya maido maka kuɗinka.

Awo: in an ce fuloti, yawanci ƙafa 50 ne da ƙafa 100, kusan murabba'in mita 465. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Amma kada ka yarda da awon taku. Na ga dillali yana buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata, da aka shimfiɗa tef sai ga ƙafa 43. Ɗauki safiyo ya auna, ya nuna maka turakun siminti masu lamba a kusurwa huɗu, lambar ta dace da ta taswira.

La'ada kuwa ku yanke ta tun kafin sallama, da wanda zai biya.

Diyya ita ce abin da ake biya idan gwamnati ta karɓi wuri don hanya ko makaranta. Ginin da amfanin da ke kai ake ƙiyastawa, don haka fili tsirara ba ya samun abin kirki.

In haya kake hange, yi lissafi. Gidan miliyan 20 da ke kawo miliyan 1 a shekara, kashi 5 cikin 100 ke nan, kafin gyaran rufi da fenti da watannin da zai zauna ba kowa. Kango mai arha ma sau da yawa gyaransa ya fi sabon gini ci.

Kuma je ka duba filin da damina, cikin Agusta. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'ar Danfodiyo, ba sa sayen wuri kusa da fadamar Rima sai sun tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke tsayawa. Idan ka samu filin, turo hoton takardar a rufe sunaye, mu duba tare.