Amsoshin Wasiƙunku: Babbar Mota Ko Ƙaramar Tawaga Zuwa Wuraren Tarihi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Gaya. Mu goma sha biyu muke yin adashi a tsakaninmu, har da malamai mata uku da dattawa biyu da suka yi ritaya, kuma a bana mun yanke shawarar ware wani abu mu je mu ga wuraren tarihin da muke koya wa yara a aji alhali yawancinmu ba mu taɓa ganinsu ba. Mutum biyu suka yi mana tayi. Na farko zai haɗa mu da wasu mutane a babbar mota mai cin mutum talatin, ya ce a wuni ɗaya zai kai mu Dutsen Dala da badala da Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata, sannan a wuce Birnin Kudu a ga zanen da ke jikin duwatsu. Na biyu ya ce mu kaɗai zai ɗauka a ƙaramar bas tare da mai yi mana bayani, amma ko dai Kano ko Birnin Kudu, ba zai haɗa biyun ba, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Kanmu ya rabu biyu. Wanne ya kamata mu ɗauka?

Daga wani malami, ƙasar Gaya, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi albarka a wannan niyya taku, domin ba kowace rana ake samun malaman da za su cire kuɗi daga aljihunsu don su ga abin da suke koyarwa da idonsu ba. Shawarata ita ce ku ɗauki tayi na biyu, amma da sharaɗin ku fara gwada mai bayanin nan kafin ku ba da ko kwabo, domin a kansa ne ƙarin kuɗin yake tafiya.

Mu fara da hanya, tunda ita ce ta fi sauƙin lissafi. Daga Gaya, Kano tana yamma, Birnin Kudu kuwa tana kudu maso gabas a Jihar Jigawa, wato duk wanda ya ce zai haɗa muku su a wuni guda, zai shigar da ku birni da safe, ya sake fito da ku ta Wudil da rana, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 100 kafin ku ga duwatsun, sannan ya dawo da ku gida cikin dare. Idan aka cire lokacin sallah da na cin abinci da cunkoson cikin gari da jiran wanda ya tsaya sayen tsaraba, abin da zai rage wa kowane wuri bai wuce a sauka a ɗauki hoto a koma mota ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuma ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa dattawa biyu da mata uku tafiyar dare saboda rangwame ba.

Amma babban dalilina ba hanya ba ce. Wurin tarihi, musamman wanda ya zama kufai, ba ya bayyana kansa ga wanda bai san shi ba. Ku ɗauki badala. A wurare da dama abin da ya rage tudun jar ƙasa ne da ruwan damina ya zaizaye, awaki suna hawa suna sauka, shaguna sun matso jikinsa, ga kududdufi a gefe ya cika da leda. Wanda ya leƙo ta tagar mota zai ce bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa. Sai an samu wanda zai tsayar da ku ya nuna muku faɗin gindinta, ya ce wannan kududdufin daga irinsa aka haƙi ƙasar ginin, ya gaya muku cewa bisa kundin tarihin sarakunan Kano, Sarki Gijimasu da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134 shi ne ya fara ginin, cewa an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17, kuma tana tsaye da ƙofofinta har ranar da sojojin Turawan Ingila suka shigo a 1903. A sannan ne tudun zai koma ganuwa a idonku. Mai bayanin kirki zai kuma nuna muku wace ƙofa ce ke kan tsohon gininta, wacce ce aka rushe aka sake ginawa da siminti saboda faɗaɗa titi, don kada ku koma aji ku gaya wa yara cewa kun ga ginin shekara ɗari biyar alhali ginin jiya ne.

To irin wannan bayani ba ya yiwuwa ga mutum talatin. Biyar na gaba ne za su ji, sauran suna baya suna hira ko suna amsa waya, mai kunya ba zai yi tambaya ba, kuma malamai mata galibi su ake bari a can ƙarshe. A Gidan Makama, wanda asalin gininsa ya koma zamanin Rumfa kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ɗakunan irin na ginin gargajiya ne masu kaurin bango da rufin azara, ba a yi su don taro ba. Mutum goma sha biyu za su iya kewaye tsohon ƙyauren ƙofar birni su duba ƙusoshinsa da ƙarfen da aka lulluɓe shi da shi, kowa ya yi tambayarsa. Talatin kuwa sai dai a yi layi a wuce.

A Birnin Kudu abin ya fi haka tsanani. Zanen yana cikin lungunan duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, yawancinsa siffofin shanu ne, kuma ya dusashe ƙwarai, sai mutum ya matso, wani lokaci ya sunkuya, ya bari idonsa ya saba da inuwar wurin, kafin ya fara rarrabe ƙaho da ƙafa daga launin dutsen. Idan ya rarrabe, zai lura da abin da zai tsaya masa a rai: shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda muke gani a hannun Fulani a yau ba ne. A nan kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, ga guraben da yawan bugu ya lotsa a jikinsu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, daga baya gwamnati ta sa wuraren cikin abubuwan tarihi na ƙasa. Wuri ne da ke son natsuwa da mutane kaɗan, kuma zuwa da la'asar sakaliya bayan an gaji a Kano asarar man fetur ce kawai.

Yanzu ga maganar gwada mai bayani, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Ƙaramar bas ba ta mai da direba masanin tarihi, kuma akwai masu shirya tafiya da kan ɗauko wani matashi mai zaƙin baki su ce shi ne jagora. Ku nemi a haɗa ku da shi kansa, ko a waya, ku ji a ina ya koya, ko ma'aikacin gidan tarihi ne, ko ya karanta fannin a jami'a, ko kuwa ɗan unguwa ne da ya gaji labarin daga dattawa. Kowanne yana da amfaninsa, kuma ni ban raina na ƙarshen ba, domin sau da yawa shi ne ya san sunan kowane lungu. Abin da za ku saurara shi ne ko yana bambanta abin da aka ji daga kaka da kakanni da abin da masu bincike suka tono suka tabbatar. Tunda ku mutanen Gaya ne, ga gwaji a hannunku: ku tambaye shi labarin Abagayawa, maƙeran da tarihin baka ya ce daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama. Na ƙwarai zai ba ku labarin, ya ce wannan ruwaya ce, sannan ya ƙara da cewa binciken ƙasa ya nuna ana narkar da tama a wajen Dala tun kusan ƙarni na 7, wanda hujja ce ta daban. Haka idan kuka tambaye shi shekarar da aka yi zanen Birnin Kudu ya yanke muku shekara guda babu ko shakka, ko ya ce aikin aljanu ne ya rufe maganar, ku nemi wani. Wanda ya iya cewa bai sani ba a inda bai sani ba, shi ne za ku amince da sauran maganarsa.

Na san a cikin tawaga irin taku ba za a rasa wanda zai ji nauyin hawa Dala ba, saboda labarin Barbushe da bautar Tsumburbura da aka yi a can kafin Musulunci ya kafu. Hukunci na malamai ne, amma mai zuwa don sanin tarihi ba bauta ta kai shi ba, kuma a Suratur Rum, aya ta 42, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Dattawanku kuwa kada a matsa musu. Akwai matakala, amma hawan yana cin numfashi, don haka a fara da Dala da sanyin safiya, wanda ba zai iya ba ya zauna a gindi, jagora ya maimaita masa bayanin.

Batun kuɗi a yi shi a rubuce, ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu. A faɗi ko kuɗin ya haɗa da na shiga gidan tarihi, da abinci da ruwan sha, da ladan jagora, da ɗan abin da ake ba masu kula da wuri, a kuma rubuta yawan mutanen da za su shiga motar, domin wani yakan ce ku kaɗai ne, ranar tafiya ku tarar ya ƙara fasinja huɗu. Ku ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai an dawo. Ku kuma tambaya ko akwai tsayawa a shagunan da ba ku nema ba. Karofin Ƙofar Mata wuri ne da ya cancanci gani, har yanzu ana rini da baba a ramuka, kuma sayen ɗan yadi a hannun marina taimako ne ga sana'ar da ke neman hannu, amma ya zama da son ranku ne, a lokacin da kuka ware masa.

Game da rana, ku kauce wa Juma'a, saboda cikar kewayen fada da babban masallaci, ga kuma kasuwar Wudil da ke ci a ranar tana toshe hanya. Bazara zafinta a kan dutse ba na wasa ba ne, da damina kuma duwatsu suna santsi, ga aikin gona. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri ba za ku hangi birni sosai daga saman Dala ba. Wani ya kira gidan tarihin tun da wuri ya tabbatar za a buɗe a ranar.

Da ni ne, Kano zan fara a bana, tunda ita ce ta fi shiga darasin da kuke koyarwa, in bar Birnin Kudu zuwa zubin adashi na gaba. Ranar da za ku je can, ku fara gaida masu gari da ma'aikatan da ke kula da duwatsun, ku sa takalmi mai riƙe ƙafa, ku yi hattara da ƙudan zuma da macizai a cikin lunguna. Ina kuma roƙonku da babbar murya, kada kowa ya taɓa zanen, ko ya watsa masa ruwa don ya fito a hoto, ko ya bi layinsa da alli, ko ya rubuta sunansa a jikin dutse. Abin da ya goge a can ba mai iya mayar da shi, kuma jagoran da ya ƙyale aka yi haka a gabansa bai cancanci ladansa ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mun ji labarin kufan Surame, muna so mu je mu dawo a rana ɗaya daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Zai yiwu?

Daga wata ɗaliba, Jihar Jigawa.

AMSA: Ba zai yiwu ba, 'yata. Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kafa a ƙarni na 16, wanda ragowar ganuwarsa ta dutse take nan har yau, yana Jihar Sakkwato ne, kuma daga Kano zuwa Sakkwato kaɗai tafiya ce da ta haura kilomita 500. Tafiyar kwana ce, tana buƙatar masauki, da izinin iyaye, da tuntuɓar hukumar gidajen tarihi a Sakkwato, da kuma bincike mai kyau a kan tsaron hanya kafin a ɗaga ƙafa. Idan wuni ɗaya kuke da shi, ku roƙi makarantarku ta rubuta wa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano takarda a nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, ku tafi da malama ɗaya ko biyu, kuma kada ku wuce mutum goma sha biyar a rukuni guda.