Modem na ɗaga kira amma shirme nake gani maimakon wurin shiga

Tambaya: Malam barka da aiki. Na jona modem a kafar siriyal ta sabarmu mai Linux don in riƙa shiga ta layin tarho idan intanet ya ɗauke. Yana ɗaga kira lafiya lau, amma maimakon ya nemi sunana sai wasu haruffa marasa kan gado su cika min fuska. Ina matsalar take?

Amsa: Yauwa barka kadai. Wannan shirmen galibi ba laifin layi ba ne, gudu ne bai zo ɗaya ba tsakanin sabar da modem ɗinta. Gudu iri biyu ne a nan kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai wanda modem biyu ke sasantawa da kansu a kan layi, yau 33,600 gobe ya faɗo 24,000 in layin da hayaniya, wannan ba ruwanka da shi. Sai kuma na kebul ɗin da ke tsakanin modem da kwamfuta, shi ne za ka ɗaure wuri ɗaya.

Ka sa shi sama da na layi, 115200 ko 57600, saboda modem yana matse bayanai da tsarin da ake kira V.42bis, rubutu zalla kan matsu sosai har abin da ke fitowa ta kebul ya ninka na layi, in ka bar shi a 19200 kai ka shaƙe kanka. In mgetty kake amfani da shi, wato manhajar da ke gadin kafar tana amsa kira, ka rubuta speed 115200 a mgetty.config. Amma inda ake faɗuwa shi ne ɓangaren modem ɗin: yana gane gudu ne daga umarnin AT da aka tura masa (umarnin modem da ke farawa da haruffan AT), to in agetty ne ke gadin kafar maimakon mgetty kuma aka ɗauke wuta aka dawo, babu mai ce masa AT, sai ya tashi da tsohon gudun da ya adana. Don haka ka buɗe minicom, manhajar magana da modem kai tsaye, a 115200 ɗin daidai, in modem ɗin ƙirar USRobotics ne ka ba shi AT&B1 ya daina bin gudun layi, sannan AT&W ya adana. Kar ka manta da RTS/CTS, siginar da ke dakatar da turo bayanai in sun yi wa ɗayan yawa: AT&H1&R2 a USRobotics, AT&K3 a yawancin sauran, in babu shi dogon rubutu zai riƙa zuwa a gutsure.

Akwai tsohuwar hanya, a jera wa agetty 38400,19200,9600 mai kira ya yi ta tura siginar BREAK, agetty na sauya gudu, har rubutu ya karantu. Ni dai ban ba ka shawararta ba, an yi ta ne don modem na da can da ba sa iya riƙe gudu ɗaya.

In kwamfutar tsohuwa ce ƙwarai ka duba UART ɗinta, wato cip ɗin kafar siriyal, da umarnin dmesg, 16550A na da ma'ajiyar bayit 16, amma 8250 da 16450 bayit ɗaya tal suke riƙewa, a irinsu ka sauko 19200. Kuma kar ka jira 56k, V.90 mai ba da wannan gudun sai ɓangaren sabar na kan layin dijital, modem biyu na gida iyakarsu 33,600.