Na danna maɓalli, jarumina bai kauce ba

Tambaya: Na fara buga wasan intanet na Black Desert Online, amma kafin jarumina ya kauce wa sara an riga an kashe shi. Abokina ya ce in koma Final Fantasy XIV. Wanne ya fi amsa hannu, wanne kuma ya fi daɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka yanke wa wasan hukunci, duba nisan da ke tsakaninka da sabarsa, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke tafiyar da wasan. Duk abin da ka danna sai ya je can, sabar ta amince, sannan amsa ta dawo. Lokacin zuwa da dawowar shi ne lambar da ake nunawa da sunan ping, ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka kowane kilomita 1,000 na ƙara maka aƙalla milisakan 10. Babu kuɗin da zai goge wannan.

Abin da ya rage a hannunka shi ne zaɓen wasan da faɗansa ke haƙuri da jinkiri. Black Desert, na kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu, an gina shi a kan saurin yatsu: sara, kaucewa, damƙa, duk cikin ƙiftawar ido. In layinka na da kyau, da wuya ka sami faɗa mai armashinsa. In ba shi da kyau, musamman a karawa da wani ɗan wasa, takaici kawai za ka kwasa. Guild Wars 2 ma na son kaucewa a kan lokaci, sai dai ya fi sassauci.

Final Fantasy XIV kuwa yana ba da tazarar kusan sakan 2.5 tsakanin manyan hare-hare, shi ya sa jinkirin milisakan 150 ba ya hana ka bin labarin ko shiga kogo da jama'a. Amma kada abokinka ya ɓoye maka: a manyan matakai ana cusa ƙananan hare-hare a cikin wannan tazarar, kuma a nan jinkiri ke bayyana. Wani lokaci ma za ka ga ka fita daga da'irar haɗari, amma sabar ta riga ta lissafa ka a ciki. A wajena World of Warcraft, duk da cewa tun 2004 yake, ya fi shi amsa hannu. Tazararsa ta asali sakan 1.5 ce, kuma yana ajiye dannawarka ta gaba ya saki da zarar lokaci ya yi. Old School RuneScape kuma komai nasa na tafiya ne a bugu-bugu na sakan 0.6, don haka yawancin ayyukansa ba ruwansu da ɗan jinkiri.

Batun daɗi, ni na fi daɗewa a wasan da na sami mutanen kirki a ciki fiye da wanda ya fi kowanne sauri. Tunda abokinka yana Final Fantasy XIV, kuma akwai gwaji kyauta, bi shi ku yi mako biyu tare kafin ka biya komai.

Tambaya: In na sayi sabon katin hoto na kwamfuta, jinkirin zai tafi?

Amsa: 'Yar'uwa, ya danganta da ciwon. In hoton ne ke sarƙewa idan mutane suka cika fili, matsalar na'ura ce, sabon kati ko firosesa zai iya taimakawa. In kuwa hoto na tafiya sumul amma abokan gaba na tsalle daga nan zuwa can, layi ne, kuɗinki za su tafi a banza. Fara da haɗa kwamfutar da kebul na intanet maimakon Wi-Fi, ki dakatar da duk wani saukewa, sannan ki kula ko lambar ping na tsaye wuri ɗaya. Milisakan 120 da ba ya motsi ya fi wanda ke hawa da sauka tsakanin 50 da 300, domin hannu na sabawa da na farkon. Ki kuma zaɓi sabar mafi kusa tun ranar ƙirƙirar jaruma: a Albion Online, misali, akwai ta Amurka, ta Asiya da ta Turai, kuma abin da kika tara a ɗaya ba ya bin ki zuwa wata.