Tambayoyin Masu Karatu: Kifin Shak na Ƙasan Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa akwai kifin shak da ke rayuwa a wurin da hasken rana ba ya kaiwa a cikin teku. Ina yake, kuma ta yaya yake rayuwa a can? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma wanda ya fi shahara a irin waɗannan kifaye shi ne wanda masana ke kira Centroscymnus coelolepis, wanda masu bincike biyu 'yan ƙasar Fotugal suka fara bayyana shi a 1864. An taɓa samunsa a zurfin mita 3,675, kuma har yanzu ba a san wani shak da ya zarce shi nutso ba. Yana zaune a Tekun Atlantika tun daga kusa da tsibirin Aisland da ke can arewa har zuwa gaɓar yammacin Afirka da kudancinta, ana kuma samunsa a Bahar Rum da ruwan Japan da na Ostireliya. Ba babba ba ne, domin tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba, launinsa kuma ruwan ƙasa ne mai duhu.

Sirrin rayuwarsa yana cikin hantarsa. Yawancin kifaye suna da wata jakar iska da ke hana su nutsewa, amma shak ba shi da ita, don haka babbar hantarsa mai cike da mai marar nauyi ce ke riƙe shi cikin ruwa ba tare da ya ɓata ƙarfi ba, abin da ke da matuƙar amfani a wurin da abinci ke wuya. Bayan idonsa akwai wani shimfiɗi mai maido da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, kuma da shi yake hango ɗan hasken da halittun ƙasan teku ke fitarwa. Yana farautar kifaye da sikwid (wata halittar teku mai taushin jiki da hannaye da yawa), yana kuma yagar naman manyan dabbobin teku da suka mutu suka nutse.

Hantar nan kuwa ita ce ta jawo masa masunta, domin an daɗe ana kama shi a gaɓar Fotugal ana tatsar manta, wanda ake sawa cikin kayan kwalliya da magunguna. Abin damuwa shi ne macen ba ta saurin haihuwa: ƙwayayen suna ƙyanƙyashewa a cikinta ne, ta ɗauki cikin na dogon lokaci, sannan ta haifi 'ya'ya kusan 12 a matsakaici. Kifin da ke hayayyafa a hankali haka ba ya jure yawan kamu, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana kamun shak na ƙasan teku da gangan a ruwanta na Atlantika tun 2010, ko da yake har yanzu yana faɗawa cikin komar masu neman wasu kifayen.