Sabuwar mota ko ginin gida: wanne zan fara?

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata goma sha ɗaya a garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Ina aiki a wani sito, ƙarshen mako in ɗauki fasinja da Uber, a wata nakan haɗa dala 6,500 kafin a cire haraji. Na sayi ɗan fili a bayan gari, ina son in nemi rancen gini nan da wata huɗu. To amma motata ta tsufa, kullum muna wajen bakanike, kuma wani dila ya nuna min sabuwa a kan dala 650 duk wata. Maiɗakina ta ce in dakata, abokaina sun ce ai sayen motar ma ƙara min makin kiredit zai yi, wato makin da banki ke auna yadda mutum yake biyan bashi da shi. Me kake gani?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya sanya albarka a filin nan, ya nuna mana ranar tarewa. Maganar uwargida ita ce daidai. Ka dakata da motar har sai an gama gini, ka sa hannu a takarda ta ƙarshe, an miƙa maka makulli.

Bankin Amurka bai damu da yadda ake ganin mutuncinka a masallacin Juma'a ba. Lissafi ɗaya yake fara bugawa: cikin abin da ke shigo maka a wata, kashi nawa ne ke tafiya biyan bashi, har da kuɗin gidan da kake nema. Da yawa suna tsayawa a wajen kashi 43 cikin ɗari, wasu su ɗaga zuwa 45 ko 50 idan sauran takardunka sun yi kyau. Mu ɗauki 43 ɗin. A dala 6,500, abin da aka yarda ka kashe wa bashi gaba ɗaya dala 2,795 ne. In ka ɗora motar 650, saura 2,145, kuma a cikinta za a cire harajin gida da inshorarsa da duk wani katin bashi da kake biya. Dala 650 a wata, in an lissafa ta a rancen shekara 30 mai ruwa kashi 7, ta kai kusan dala dubu 98 na abin da banki zai iya ba ka. Wato ranar da ka fito daga wajen dila kana jin ƙamshin sabuwar kujera, ɗaki biyu da gareji ka ajiye masa. Ita kuwa motar, shekara guda kawai in ta zagayo, galibi kusan kashi ɗaya cikin biyar na darajarta ya tafi.

Abokanka suna da 'yar gaskiya, amma ba ta wata huɗu ba ce. Bashin da aka daɗe ana biya a kan kari yana gina maki. Sabon bashi kuwa saukar da shi yake fara yi: dila zai sa a binciki tarihinka, binciken ya zauna a takardarka shekara biyu, ga sabon asusu da bai nuna halinsa ba tukuna. Makin FICO, wato makin kiredit ɗin da bankuna ke dubawa, daga 300 zuwa 850 yake, kuma bankuna hawa-hawa suke yanka farashi. 'Yan maki kaɗan in suka zame da kai zuwa matakin ƙasa, ƙarin da za a yi maka shekara talatin za ka yi kana biyansa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gini za ka yi, ba gamammen gida za ka saya ba. Rancen gini ba a ba ka shi dunƙule. Kashi-kashi ake sakar wa ɗan kwangila, an zuba tushe a zo a duba a saki wani, an yi rufi a sake zuwa. Duk tsawon watannin nan kana biyan kuɗin ruwan abin da aka riga aka saki, kana kuma biyan hayar inda kake zaune da iyali. Sannan gini, a Maraɗi ne ko a Karolina, bai taɓa tsayawa a kuɗin da aka yanka masa ba. Katako zai tashi, ko a tono ƙasa a tarar da dutse, ko uwargida ta ga kicin ya yi ƙanƙanta. A wannan matsatsin za ka ɗora 650, ga cikakkiyar inshorar da dole ne mai motar bashi ya yanka?

Ka tambayi bankin tun yanzu: sa hannu sau ɗaya ne ko sau biyu? Akwai tsarin da rancen gini ke juyewa da kansa ya zama na gida. Akwai kuma wanda in an gama ginin sai ka sake neman rance daga farko, a sake auna ka. A irin na biyun nan na ga wani ɗan uwanmu ya shiga uku. Gini ya kai fenti, ya ga ai an gama, ya je ya ɗauko babbar mota da kujerun falo a bashi. Banki ya sake duba tarihinsa ana saura kwanaki a sa hannu, kamar yadda suka saba, lissafi ya ƙi fita. Na same shi zaune a motar a gaban gidan, takardar kamfani ba a ko ɓare ta daga gilashi ba, yana ta kiran mutane a waya yana neman wanda zai tsaya masa. Allah ya rufa asiri daga baya, amma sai da ya sayar da motar da asara.

In kana gudun riba ne kana duban kamfanonin Musulunci irin su Guidance Residential ko UIF, ka sani su ma da wannan sikelin suke awo. Hukuncin kuma ka kai shi gaban malamin da ka amince da shi.

Na san motar ita ce gonarka. In gyaran dala dubu ɗaya ko biyu zai kai ta shekara, ka gyara ka lallaɓa. In ta mutu murus, ka nemi ta hannu mai lafiya ka biya lakadan, amma kafin ka taɓa ajiyarka ka kira jami'in rancen ka faɗa masa, domin rancen gini yakan nemi kafin alƙalami mai nauyi, sau da yawa kashi 20, kuma suna son ganin rarar kuɗi a asusu bayan haka. Hayar mota ta dogon zango ba mafita ba ce, ita ma bashi ake ƙirga ta. Kada kuma ka sa wa kowa hannu a matsayin mai tsaya masa a wannan tsakanin, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, domin bashinsa a kanka za a rubuta.

Akwai abu biyu da suke kayar da mutanenmu. Kuɗin Uber ba a ƙirga maka shi sai abin da ya fito a takardun harajinka na shekara biyu, bayan an cire yawancin abin da ka ce ka kashe wa mota. Ta yiwu 6,500 ɗinka a idon banki ba ta kai haka ba. Na biyu adashe. In kwasarka ta zo ka zuba dala dubu goma a asusu rana ɗaya, za su ga hakan a bayanan wata biyu da suke karɓa, su ce ka kawo shaidar inda ta fito. Ka tanadi rubutacciyar shaida daga uwar adashe tun yanzu.

Kuɗin da kake tura wa su Inna duk wata ba ya cikin lissafin banki, amma yana cikin naka. Hoton sabuwar mota in ya isa gida ta WhatsApp, ka san buƙatun da za su biyo bayansa, a daidai lokacin da kowace dala take da wurin zuwa. Ka zauna da uwargida daren nan ku rubuta haya, cefane, abin da ake turawa gida da na azumi da layya, ku ɗora kuɗin gini a kai. Ranar Litinin ka kai motar wajen bakanike ya rubuta maka abin da za ta ci ta ƙara shekara ɗaya, ka tafi da takardar wajen jami'in rancen.