Amsar kawu kan al'ada da cutar da mutum

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tunda kowace ƙabila da al'adarta, ashe hana cutar da mutum ma al'ada ce kawai, wasu su riƙe wasu su yar?

Rabin maganarka gaskiya ne. Ƙabilun Masa da Tupuri shanu suke kaiwa a aure, mu sadaki da lefe. Abinci da gaisuwar surukai duk sun sha bamban. Amma shekara 40 ina wanzanci a Kuseri, garin Kamaru da ke bakin iyakar Chadi. Na yi wa Kotoko ƙaho, na yi wa Shuwa, na yi wa Sara. Da aska ta taɓa bayan mutum, kafin in tsaga, sai fatar ta noƙe, ya riƙe numfashi. Ban taɓa ganin bayan da bai yi haka ba. Allah ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 28, cewa an halicci mutum mai rauni. Daga nan hanin ya samo tushe, kowace ƙabila kuma da irin wannan jikin ta tashi. Dubi diyya a Chadi: ana ja-in-ja kan yawan shanu ko kuɗi, amma ba wanda ke cewa jinin ɗansa banza ne.

A Maris na 1980, da yaƙin Gukuni da Habre kan mulkin Chadi ya ɓarke a Injamena, mun tsallako kogin Shari a kwalekwale, mahaifiyarka tana goye a bayan kakarka. A gaɓar Kuseri wata tsohuwa 'yar Kotoko, ko Hausa ba ta ji, ta ga leɓen yarinyar ya tsage. Ta tsoma gefen zaninta a kunu tana ɗiga mata a baki har ta buɗe ido. A Disamba 2021, da rikicin Musgum da Shuwa kan ruwa ya iso Kuseri, mu ne muka gudu can, mutanen Chadi suka shimfiɗa mana tabarma.

Kuma kada ka ɗauka al'adarmu ta tsira daga wannan ma'auni. Cire beli gadona ne, daga kakanka na koya. Wata ranar suna na cire wa wani jariri, jini ya ƙi tsayawa, uwar ta rungume shi muka ruga asibiti. Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga ranar na ajiye wannan ƙarfen. Har yanzu tsofaffi kan aiko a kira ni, nakan je in yi askin suna, in yi addu'a, in dawo gida.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka